Ni da Bakina a Filin Jirgi

Iyalina sun daɗe da sanin wani hali nawa, ma'aikatan filayen jirgin sama kuma suka zo suka tabbatar: ba na iya amsa tambaya da kalma ɗaya. Da zarar an ce mini "mene ne wannan?", sai in gyara tsayuwa, in share murya, in faro daga tushe. Ga shi kuma Allah Ya jarrabe ni da sha'awar da ta fi kowace jawo wannan tambaya, wato rediyon sha'awa, irin wanda mutum ke magana da shi, ba na sauraron labarai kawai ba.

Daga sauraron labaran dai abin ya samo asali. Na tashi a gidan da ko kuka yaro yake yi sai ya haɗiye in lokacin BBC Hausa ya yi, sashen da tun 1957 yake shiga zaurukanmu. Mahaifinmu yakan murɗa allura a hankali tsakanin mita 25 da mita 31, kunnensa manne da akwatin. Shi labari yake nema, ni kuwa wannan shuuu da ƙiii da ke tsakanin tasha da tasha ne ya tafi da hankalina. Da na girma sai na gano ashe akwai mutanen da suka tare a wannan tsakanin. Suna zana jarrabawa, hukuma ta ba su lasisi da lambar kira, su rataya waya a reshen bishiya, su yi hira da wani a wata nahiya ba tare da layin kowane kamfani ba. Lambar ɗan Nijeriya da 5N take farawa, ta ɗan Nijar da 5U, ta ɗan Ghana da 9G. In kun ji juna sai ku yi musayar kati ta gidan waya a matsayin shaida. Ina da kwali guda na katunan nan, uwargida kuma ta riga ta gaya wa yara kada su sa rai da wani gado bayan shi.

Darasin farko da ake koya wa sabon shiga a wannan harka shi ne saurare. Kafin ka danna maɓallin magana, ka yi shiru ka ji ko akwai wani a kan zangon, ka ma tambaya ko ana amfani da shi. A gaban rediyo ina kiyaye wannan ladabi ƙwarai. A gaban ɗan Adam ne abin ke gagarata.

Mai irin wannan sha'awa ba ya tafiya hannu rabbana. Ko ɗaurin aure aka gayyace shi wani gari, tambayarsa ta farko ita ce ko akwai doguwar bishiya a masaukin. Haka na shirya jakar hannu a wata tafiya da muka yi da uwargida: ƙaramin rediyo mai maɓallai birjik, waya mita goma a naɗe wadda ita ce eriyar zangon mita 20, mabugin Mos, 'yar oba-oba, baƙin salatif, da wani agogon tebur da na saita a lokacin GMT. Na danne su da hula da carbi. Da jakar ta shiga na'urar haska kaya, bel ɗin ya tsaya, ya koma baya, ya sake tsayawa. Na ɗan leƙa allon ta gefe. Akwati, murɗaɗɗun wayoyi, agogo. Ni da na haɗa kayan da hannuna sai da gabana ya faɗi.

"Yallaɓai, mene ne wannan?" in ji jami'in, wani matashi da bai wuce sa'ar ɗana ba. Amsar da ta dace ba ta wuce "rediyo ne, ga lasisina" ba, lasisin kuma yana aljihun gaba. Amma ina! Na ce masa, "Samari, ka san a can sama akwai wani rufi na iska da ke dawo da igiyar rediyo ƙasa?" Na bi da shi ta yadda zango ke buɗewa da rana ya rufe da dare, na gaya masa marigayi Sarki Husaini na Jodan ɗan'uwanmu ne a harkar, lambarsa JY1, na ƙara da cewa har 'yan sama jannatin da ke tashar sararin samaniya muna iya gaisawa da su. Layi ya taru a bayana, wani yana tsaki. Ganin yaron ya yi shiru sai na ɗauka karatu ne ke shiga, na ɗaga oba-obar na kawo hujjar da nake ganin za ta burge shi: "Da wannan 'yar ƙaramar ma ina jin duk abin da matuƙin jirgi ke faɗa wa hasumiya."

Bai ce komai ba, ya ɗaga tasa oba-obar ya kira ogansa. Sauran zancen a wani ɗan ɗaki aka ƙarasa shi, inda aka sa na kunna kowace na'ura, na warware wayar daga farko har ƙarshe, na cire takalmi, mutum uku suka ga babban ɗan yatsana ya leƙo ta hujin safa. Ba wanda ya ci mutuncina. Oga ya duba lasisi, ya ce in naɗe kayana in tafi, ya kuma roƙe ni cikin girmamawa kada in sake yin maganar hasumiyar nan a filin jirgi. Na tarar da uwargida a ɗakin jira ta juya baya tana duba wayarta. Ko ɗagowa ba ta yi ba ta ce, "Malam, an tashi daga ajin?"

Da mai hankali ne, da daga nan ya koyi kame bakinsa. Ni abin da na koya shi ne in riƙa zuwa da takarda. Na buga ƙa'idojin ƙungiyar kamfanonin jiragen sama ta duniya, IATA, na ja jan biro a ƙarƙashin layin da ya yi mini daɗi, wanda ke cewa fasinja na iya tafiya da na'urorinsa masu batir. A tafiya ta gaba kuma, wai don in rage wa masu bincike wahala, sai na cusa babban batirina a akwatin awo, tsakanin manyan riguna. Muna zaune muna jiran kira sai na ji lasifika ta ambaci sunana, cikakke, har da na mahaifina. Na miƙe ina saɓa babbar riga, a raina ina cewa wataƙila kujerar gaba za a mayar da ni.

Ƙasa aka gangara da ni, wajen kaya, inda akwatina ke jirana shi kaɗai a kan tebur. Wata matashiya mai rigar kamfani ta ce, "Baba, akwai batir a ciki, a taimaka a buɗe." Na buɗe, amma takardata na fara zarowa kafin batirin. Ta karɓa da hannu biyu, ta karanta jan layina, sannan ta juya shafi ta ɗora yatsa a inda birona bai taɓa ba. Batirin litiyam da ba ya cikin na'ura ba ya shiga akwatin awo ko kaɗan, sai jakar hannu. In ƙarfinsa bai wuce wat-awa 100 ba, ya wuce lafiya. Daga 100 zuwa 160 sai da izinin kamfani, kuma guda biyu kacal. Abin da ya haura 160 kuwa ba ya bin fasinja cikin jirgi. Na duba jikin batirin, an rubuta 12.8V 20Ah. Na ce, "To 'yata, ai ga shi nan, 20 ne kawai. Ina 20 ina 100?"

Wallahi na san ba haka ake lissafin ba. Lissafi ne da na sha koya wa mutanen da ba su tambaye ni ba. Ta ciro wayarta ta ninka 12.8 sau 20, ta juyo mini da fuskar wayar: 256. Na koma wata hujjar, cewa irin wannan batir mai sinadarin ƙarfe da fosfet bai cika kamawa da wuta irin na wayar hannu ba, wanda kuma gaskiya ne. Ta ce, "Haka ne Baba, amma dokar ba ta ware shi ba." Ƙarshenta ɗana na kira, wanda ya sauke mu ya riga ya nutse cikin cunkoson gari, ya juyo ya karɓi batirin a bakin ƙofa. Bai ce uffan ba, shirun nasa kuma irin na uwarsa ne.

Abin haushin shi ne dalilin dokar ba baƙo ba ne a wurina. Batirin litiyam in ya huje, ko ya matsu, ko bakunansa biyu suka haɗu ta jikin wani ƙarfe, zafi ne ke haifar da zafi, ƙwaya ɗaya ta kunna ta kusa da ita, a haka har ya cinye kansa. In cikin fasinjoji abin ya faru, wani zai ga hayaƙi, ma'aikata su yi ta kwarara masa ruwa har ya huce. In a ƙasan jirgi ne tsakanin akwatuna, babu mai isa wurin. A Satumban 2010 wani jirgin dakon kaya na UPS ya faɗi kusa da Dubai bayan wuta ta tashi a kayan da ke ɗauke da batura masu yawa, matuƙansa biyu suka rasu. A 2016 aka haramta hawa jirgi da wayar Galaxy Note 7 ɗungurungum a ƙasashe da dama. A Janairun 2025 wani jirgin Air Busan ya kama da wuta kafin ya tashi a Koriya ta Kudu, Allah Ya taƙaita kowa ya fita da ransa, masu bincike kuma suka fi zargin wani fawa-bank da ke ma'ajiyar saman kujeru. Irin labaran nan ni ne mai ba da su a majalisa, dalla-dalla. Kawai dai ban taɓa ɗauka da batirina ake ba.

A cikin jirgin ma ban bar halina ba. Duk mai son rediyo ya san daɗin kujerar taga: daga can sama tashoshin FM na garuruwan da ba ka taɓa kamawa daga ƙasa ba suna shigowa ɗaya bayan ɗaya. Na lallaɓa na zaro wani tsohon ƙaramin rediyo, na sa abin kunne, na jingina eriyarsa da gilashi, na lulluɓe da hannun riga. Bawan Allah da ke kusa da ni ya dubi eriyar, ya dube ni, ya fara motsa leɓe. Ba a jima ba ya tashi wai zai zaga, sai ga ma'aikaciyar jirgi a kaina. "Baba, don Allah a kashe." Na ce ai karɓa kawai yake yi, ba ya aikawa. Ta ce ita dai doka ta ce a kashe.

Na kashe ina ƙunƙuni kan jahilci, alhali a nan ma ita ce a kan daidai, amsar kuma tana cikin littafin da na karanta na ci jarrabawar lasisi. Irin waɗannan tsofaffin rediyoyi suna da wata da'ira a ciki da ke kaɗa igiyarta ta kanta, megahaz 10.7 sama da tashar da ka kama, kuma tana ɗan yoyo waje. Ka kama 100, ita tana can tana kukanta a 110.7, wato cikin zangon 108 zuwa 112 da jirgi ke bi ya daidaita da titin sauka. Saboda irin wannan ne hukumar jiragen saman Amurka ta taka wa rediyon FM birki a cikin jirgi tun 1961. Ana iya cewa jiragen yanzu sun fi kariya, ni ma na faɗi haka a raina. Sai dai ban ga wanda zai so a yi gwajin da jirgin da yake ciki ba. Maƙwabcina dai bai dawo kujerarsa ba har muka sauka.

Sai babin ƙorafi, inda na fi ƙwarewa. Wata dawowa daga waje na buɗe akwati a gida na tarar na'urar daidaita eriya ta fashe, maɓallinta ɗaya yana yawo cikin kayan wanki. A nan kam an cuce ni da gaske, don kusurwar akwatin a lotse take tun a kan bel. Na ga lotsawar, na wuce teburin kamfanin inda ake cike fam ɗin kayan da suka lalace, na wuce jami'an kare haƙƙin fasinja na hukumar kula da sufurin jiragen sama, NCAA, na kai ƙarata gaban direban tasi, wanda ya saurara har ƙofar gida ya kuma ba ni gaskiya ɗari bisa ɗari. Daga nan na zauna rubuta wasiƙa. Na faro da tarihin harkar rediyo, na kawo yarjejeniyar Montiriyal ta 1999 wadda ta ɗora wa kamfanin jirgi alhakin kayan fasinja, na goge, na sake, na karanta wa abokai suka ce a ƙara gishiri. Ta kai shafi huɗu, kuma har yau ina ganin ban taɓa rubutu mai kyanta ba. Amsar da ta dawo layi biyu ce: yarjejeniyar da na ambata kwana 7 ta bayar daga ranar karɓar kaya a kai ƙorafin lalacewa a rubuce, 21 in jinkiri ne, tawa wasiƙar kuwa bayan wa'adi ta iso. Na ɗauko kwafin da na buga, ga sashen nan 'yan shafuka gaba da inda na gaji da karatu.

A ranakun 17 da 18 ga Satumban 2024 ƙananan na'urorin karɓar saƙo da oba-oba suka yi ta fashewa a hannun mutane a Labanan, aka rasa rayuka da dama, dubbai suka jikkata. Cikin 'yan makonni kamfanin Emirates ya hana shiga jiragensa da irin waɗannan na'urori ga duk mai zuwa Dubai, ko fita, ko ratsawa, a jakar hannu ko a akwati. A hirar da muke yi ta iska bayan isha'i, dare da dama ba mu da zance sai wannan. Muryata ta fi ta kowa: an yi mana kuɗin goro, ba a san darajar mai lasisi ba, lalle sai an rubuta. Sai wani dattijo a cikinmu, wanda bai cika danna maɓalli ba, ya shigo ya tambaye ni yaushe ne tafiyar tawa ta Dubai. Ba ni da ita. Ban taɓa zuwa ba, ban kuma da niyya. Na riƙe makirfo ban danna ba, har wani ya tambaya ko wutar unguwarmu ce aka ɗauke.

Ba ina cewa duk ƙorafinmu shirme ba ne. Ƙa'idar IATA tushe ce kawai, kowane kamfani na iya ɗora nasa sharaɗi a kai, kowace ƙasa kuma da nata kwastan da tata dokar sadarwa, har lasisina na nan ba ya ba ni ikon kunna rediyo a wata ƙasa sai na nemi izininsu. Shi ya sa na'urar da ta wuce salin-alin a tafiya take iya maƙalewa a dawowa, a hannun jami'in da bai taɓa ganin irinta ba. Wanda ya ce maka "ba komai" a waya kuma ba shi za ka tarar a bakin ƙofa ba. Wannan abin a gyara ne, a rubuta ƙa'ida a fili da harshen da fasinja ke ji. Sai dai in na lissafa rigingimuna tsakani da Allah, kaɗan ne suka fito daga wannan ruɗani. Sauran daga gida na taho da su.

Wata rana a layin bincike ina bayan wata Hajiya aka zaro robar man shanu daga jakar hannunta, cike har wuya. Aka ce mata abu mai ruwa ko maiƙo ba ya wuce mililita 100 a jakar hannu in za a fita waje, ƙa'idar da ake bi tun 2006. Ta riƙe haɓa ta ce, "Haba ɗan nan, man shanu ne fa! Dube ni da kyau, na yi kama da mai cutar da wani?" Ta shiga bayanin rugar da aka kawo shi, da 'yarta mai jego da ke jira a can. Na yi murmushin wayayyu, har na buɗe baki zan fassara mata dokar, sai na ji kalaman nata ba baƙi ba ne a kunnena. Cire man shanu ka sa batir, cire ruga ka sa Sarki Husaini, laccata ce tsaf, sai dai tata ta fi tawa gajarta da daɗin ji. Gaba kaɗan wani Alhaji yana rantse-rantse a kan 'yar wuƙar da ke jikin makullansa, wadda ya ce ko lemo ba ta iya ferewa. Babu ɗayanmu da ke gaba da dokar. Muna ma so a tsananta ta a kan wancan mutumin na bayanmu da ba mu san daga inda ya fito ba. Abin da ke ba mu mamaki shi ne yaron da ke bakin na'ura, mai 'yan daƙiƙoƙi a kan kowace jaka, wai mu ma bai san mu ba.

A tafiyata ta baya-bayan nan na yi shiri na gaske. Na sayi ƙananan batura biyu, kowanne 12.8V 6Ah, wato bai cika wat-awa 77 ba, na liƙe bakunansu da salatif, na sa kowanne a ledarsa. Na cire batirin oba-oba daga jikinta, na naɗe wayar eriya ita kaɗai a farar leda, na bar agogon a gida. Na rubuta wa kamfanin tun da wuri suka amsa, na buga amsar, na haɗa da kwafin lasisi. Uwargida ta sa na yi ta maimaita amsata a gabanta har ta zauna: "Rediyo ne, ga lasisina." Na jera komai a tire, na harɗe hannu ina jiran tambaya.

Tiren ya shiga ya fito. Jami'in ko kallona bai yi ba. Na ɗan dakata, na gyara takardun yadda hatimin lasisin zai fito fili, na yi tari. Shiru. Na ce, "Samari, ba za ka duba ba? Akwai batura fa a ciki." Ya ce, "Na gani, Baba, lafiya lau suke. A wuce, akwai layi." Na kwashi kayana jiki a sanyaye, cikina cike da bayani babu inda zan sauke shi. Kafin jirgi ya gama hawa na ari biro a wurin maƙwabcina, na juya bayan takardar izinin, na fara rubuta wa hukuma ƙorafi kan sakacin masu bincike a filayen jiragenmu, wannan karon kuma na ƙudurta zan aika cikin kwana 7.